Gwaggon Hushang

Gwaggo Muluk ta rasu ana tsakiyar sanyi, ta bar ni da gida mai ɗaki uku da butar shayin da ta yi wa mutum ɗaya yawa. Mun binne ta a maƙabartar bayan gari, can sabon fili inda ko bishiya ba a dasa ba tukuna, iskar dutsen Alwand tana shigowa babu mai tare ta. Aka kafa mata ɗan allon ƙarfe da aka rubuta sunanta da fenti, irin wanda ake kafa wa kowa kafin a shimfiɗa dutse. Dutsen kuwa dole ya hau kafin sadakar arba'in. Wanda ya bari arba'in ta riski mamacinsa a ƙarƙashin allon ƙarfe a garinmu Hamadan, ya ba matan unguwa abin taunawa har bazara.

Ni ne mai nemo dutsen, don babu wani. Sunana Hushang, na ba sittin baya, na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa mutane tuƙin mota, aikin da ke cire wa mutum haƙuri kaɗan-kaɗan har ya wayi gari ba shi da ko ɗigo. Ƙanwata Nahid tana can ƙasar waje, a Hamburg, da mijinta da 'ya'yanta. Mu biyun nan Gwaggo ta raina. Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar Nahid, mahaifinmu kuma, direban babbar mota, ya bi ta ba da daɗewa ba a hanyar Asadabad, ranar da ƙanƙara ta rufe kwalta. Ƙanwarsa Muluk tana budurwa a lokacin, tana ɗinki. Ta ɗauko keken ɗinkinta ta dawo gidanmu wai na ɗan kwana biyu, kwana biyun da suka zama shekara hamsin da ɗoriya. Masu neman aurenta sun zo, suka ga yara biyu a gindin keke, suka sha shayi suka tafi. Ni ma na taɓa aure, bai je ko'ina ba. Ranar da na dawo ɗakina na da, shinkafa kawai Gwaggo ta ƙara a tukunya.

Masu dutse suna jere a hanyar maƙabarta, shago na bin shago, ƙarar zarto ba ta barin mutum ya ji tunaninsa, farin ruwan yankan dutse yana kwarara a bakin titi yana daskarewa. Ban yi wata shawara ba, na wuce wurin Usta Yadullah, tsohon gwanin sassaƙar dutse. Shi ya sake wa iyayenmu dutse shekarun baya da na farkon ya tsage, kuma har yanzu da hannu yake rubutu, da guduma da ƙarfe, ba ya yarda inji ya taɓa masa harafi. Na same shi zaune kusa da murhu, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo.

"Agha Hushang, Allah ya ba da haƙuri. Allah ya sa wannan ne baƙin cikinka na ƙarshe. Zauna, zauna, kada ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Ya zuba mini shayi, ya tura mini kwanon sukari. Muka yi maganar dutse, kuma a nan ba mu samu saɓani ba. Ya ce in manta da marmara, kyawunta na shekara biyu ne, sanyin garin nan shiga cikinta yake ya fasa ta. Ya nuna mini baƙin dutsen Tuyserkan, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ya ce in saurara. Na saurara, ban ji komai ba, amma na gyaɗa kai don kada ya raina ni. Gwaggo ba ta son baƙin abu, amma ta fi tsanar abin da ba ya ƙarko, don haka na ce a ba ni shi.

Sai ya jawo takarda ya lashi bakin fensir.

"Suna?"

"Muluk Sohrabi."

"'Yar wa?"

"'Yar Asadullah."

"To, saman fa? Uwa mai tausayi ko?" Har ya fara rubutawa.

"Ba ta haihu ba, Usta."

"Allah sarki. To mata mai sadaukarwa."

"Ba ta yi aure ba."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "To me za a ce mata?"

"Abin da take. A rubuta amme. Gwaggo."

Usta Yadullah ya ajiye fensirin a hankali, ya juya ya kalli ƙofa, kamar yana tsoron wani ya ji.

Na san abin da ya gani a ransa, ai ni ma ɗan ƙasar nan ne, kuma na fi shi sanin titi. Ban san wanda ya fara wannan wulaƙancin ba, amma duk zagin da mutum ke jin kunyar ɗora wa uwa, gwaggo yake jibga wa. Ka taka birki a makare, na bayanka ya leƙo ta taga ya tambaye ka ko gwaggonka ce ta ba ka lasisi. Ka yi ƙarya a majalisa, a ce maka rantse da ran gwaggonka, kowa ya kwashe da dariya, don an san rantsuwar da babu wanda ke tsoron karya ta ke nan. Mota ta tsufa, a ce kai wa gwaggonka. Ƙanwar uwa ita ce ta kirki, ita ake yi wa waƙa, ƙanwar uba kuwa juji ce. Shekara talatin ina zaune a gefen ɗalibai ina jin wannan a kowace mahaɗar hanya, in haɗiye, in koma gida in tarar da tawa ta ɗumama mini miya tana jirana.

"Agha Hushang," in ji Usta, "ni na san Muluk Hanum. Ita ta ɗinka kayan auren 'yata. Saboda na san ta ne ba zan sassaƙa wannan ba."

"Ƙarya na ce ka rubuta?"

"Da ƙarya ce ai da sauƙi, rabin maƙabartar nan ƙarya ce, ni na rubuta ta da hannuna. Akwai azzalumin da na rubuta wa uba mai tausayi, 'ya'yansa na tsaye suna cije leɓe. Amma ka je can ranar Alhamis ka gani. Samari ne cike, iyayensu sun jawo su dole su gaida kakanni, suna yawo tsakanin kaburbura da waya a hannu, suna neman abin dariya. Ɗaya ya hango wannan kalmar, an gama. Kafin magariba hoton kabarinta ya zaga ƙasar nan, kowa yana aika wa abokinsa yana cewa ga wadda kake rantsuwa da ita nan an gano ta. Ka so mata haka?"

"To me kake so in yi?"

"A rubuta marigayiya, a sa baiti biyu masu daɗi, shi ke nan. Ko a rubuta uwa. Wa zai kai ka ƙara? Ai ita ta wanke maka majina."

Na ce masa ta hagunta uwa mai tausayi ce ke kwance, ta damanta ma haka, na karanta da idona. In aka bar ta da marigayiya kawai, za ta kwanta a tsakaninsu kamar yadda take zama a gidan biki, can bakin ƙofa kusa da takalma, tana riƙe wa mutane mayafi. Ya ce shi dai ya gaya mini gaskiya. Na ce gaskiyarsa ta dame shi. Na tashi ban shanye shayin ba, abin da ban taɓa yi wa dattijo ba, kuma har na kai mota kunya tana cina.

Gidan ya yi mini girma a kwanakin nan. Keken ɗinkin yana nan gindin taga, an rufe shi da zanen da ta saba rufe shi, ni kuma na riƙa zagaye shi kamar mai barci ne a wurin. In na sayo burodi sai in ga na sayo na mutum biyu, rabi ya bushe a kan tebur. Babu wanda ya buga ƙofa tun da aka share makoki, in ban da mai duba mitar gas, shi ma na tsare shi da surutu har ya fara kallon agogo. Kaɗaici nake ji, irin wanda ban san akwai shi ba, don duk tsawon rayuwata in na sa makulli a ƙofa akwai mai cewa "Hushang, kai ne?" ko da yake babu wani da zai zama.

Da la'asar Nahid ta kira. Na jingina wayar da kwanon sukari, fuskarta ta cika gilashin, bayanta ana ta hayaniyar jikokinta. Na ba ta labarin Usta ina jiran ta taya ni faɗa.

"Yaya, ai gaskiya ya gaya maka. A rubuta uwa."

"Ke ma?"

"Ni wace uwa na sani in ba ita ba? Kai ka ga tamu, ni hoto na gani."

"Kin manta abin da ta ce miki?"

Ba ta manta ba, ni ma haka. Nahid tana ajin farko a lokacin, ta dawo daga makaranta da wata 'yar fulawa ta takarda da malama ta sa su yi wa iyayensu mata, ta miƙa wa Gwaggo ta ce, "Mama, ga naki." Gwaggo ta tsayar da keke, ta karɓi fulawar, ta ce, "Uwarki tana kwance a maƙabarta, sunan nan kaɗai ya rage mata a duniya, kada ki ƙwace mata. Ni gwaggonki ce." Daga ranar babu wanda ya sake gwadawa.

"Ta hana da bakinta," na ce. "Ni ba zan liƙa mata abin da ta ƙi ba don ta kasa magana."

"Sau nawa ta hana?"

"Kamar yaya sau nawa?"

"Sau ɗaya, Yaya! Sau ɗaya aka yi mata tayi, ta ce a'a, muka ce to. Matar da ko shayi ba ta taɓa karɓa a gidan mutane ba sai an yi mata tayi uku, na huɗun a dangwara mata a hannu! Kai da kanka, mai tasi ya ce maka bar kuɗinka, kana buɗe ƙofa ka yi tafiyarka? Ai nacewa ake yi. Kara ta yi wa mahaifiyarmu, tana jira mu nace, mu kuma yara ne, muka ɗauka da gaske take. Muka girma ma ba mu koma mun sake tayin ba."

Wani jikanta ya faɗo kan wayar, hoton ya juye, na ga silin ɗin gidansu, sannan layin ya katse.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji ta ƙi sauka. Shekara hamsin muna cin abinci a faranti ɗaya da matar nan. Na san ƙafar da ke mata ciwo in hadari ya haɗo, na san ba ta cin ƙwai sai ya soyu ƙurmus, na san wace maƙwabciya take gaisarwa da baki kawai. Amma ban san ko a'ar da ta ce ta gaske ce ko ta kunya ba. Na yi ta juya fuskarta ta ranar a raina, sai in ga kamar ta yi murmushi, in sake dubawa in ga ba ta yi ba. Wadda ya kamata in tambaya ita ce wadda ake maganar a kanta. Na ji haushin Nahid da ta zo da wannan yanzu, daga nesa, tana zaune cikin ɗumi da 'ya'ya da jikoki, ta jefo mini ta koma ta ci gaba da girkinta.

Ranar Alhamis na tafi maƙabarta da hantsi, kafin jama'a su cika. Ƙasar kabarin ta daskare, ta ɗan lotsa a tsakiya. Tun da babu dutsen da zan ƙwanƙwasa in sanar da ita na zo kamar yadda aka saba a nan, sai na ƙwanƙwasa allon ƙarfen da yatsu biyu, na tsuguna na karanta Fatiha. Na waiga hagu da dama, babu kowa kusa. Na gyara murya na ce, "Mama."

Ban ji komai a raina ba. Kamar na tsaya a ƙofar gidan mutane na kira matar wani. Na sake gwadawa da ɗan ƙarfi, wata tsohuwa can nesa ta ɗago kai ta dube ni, na sunkuyar da kaina. Da zan tashi, ba tare da na shirya ba, bakina ya ce, "To Gwaggo, ni zan koma," kamar yadda nake ce mata kullum in zan fita. A nan na zauna daɓas a kan ƙanƙara na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban sami amsar tambayar Nahid ba, kuma ba zan yi ƙaryar na samu ba. Wataƙila Gwaggo ta so ɗaya sunan, ta mutu tana jira. Abin da na sani shi ne wanda take amsawa. In na zo duk Alhamis na ƙwanƙwasa, ina so dutsen da bakina su faɗi abu ɗaya, kada ta ɗauka wata ake nema.

Na bi layin masu dutse shago-shago. Ɗaya ya ce sai ya tambayi maigidansa, maigidan kuma ba ya nan har abada. Ɗaya ya zaci zolaya nake, ya yi dariya har da dukan cinya, da ya ga fuskata sai ya ce inji ya lalace. Kwanaki suna tafiya, arba'in tana matsowa. A ƙarshe na shiga shagon da na rantse ba zan taɓa shiga ba, mai ƙofar gilashi da fitilu masu walƙiya kamar wurin sayar da waya, an jera baƙaƙen duwatsu da hotunan mamata a jikinsu suna murmushi. Mai shagon, Peyman, bai wuce talatin ba, gashi a tsaye, yana ɓarar 'ya'yan kabewa yana tofar da ɓawon a cikin kofi.

"Sannu da zuwa, Kawu. Na wa za a yi? Akwai mai hoto, akwai mai fitila da ke kamawa da kanta in rana ta faɗi, akwai mai wurin shuka fure."

"Ba na son fitila. Baƙin Tuyserkan nake so, da kalma ɗaya da kowa ya ƙi rubuta mini."

"Kawu, inji ba ya jin kunya. Makon jiya babur na zana wa wani, da lambarsa. Faɗi."

Na faɗa. Ya yi ƙoƙari, wannan zan ba shi. Ya cije leɓe, kumatunsa suka kumbura, ɓawon kabewa ya sarƙe shi ya hau tari.

"Yi haƙuri, Kawu, wallahi ba da kai nake ba. Na rantse da ran gwa…" Ya toshe bakinsa da hannu, idanunsa suka firfito.

Da wata rana ce da na fita na bar masa shagonsa. Amma na gaji, ƙafafuna sun yi sanyi, kuma ban ga inda zan je ba. Na jawo kujera na zauna. Ba don ya fi sauran kirki na zaɓe shi ba, shi kaɗai ne bai ce a'a ba.

Ya juyo mini da gilashin kwamfutarsa, ya buga sunan, ya buga kalmar a ƙasansa. Muka zuba mata ido mu biyu. Ya karkata kai, ya sosa ƙeya.

"Kawu, in faɗi wani abu ba za ka mare ni ba?"

"Ya danganta."

"Haka nan tsirara, gwaggo mai tausayi, wallahi ko ni na gani a hanya sai na ɗauki hoto. Uwa ba ta bukatar bayani, kowa ya san ta 'ya'yanta ce. Amma gwaggo ai ta wani ce. Gwaggon wa? In ka bar ta ta kowa, ta zama waccan ta cikin zagi. In ka ce ta wane ce, to mai dariya ya san akwai mutum a bayanta, mai suna, wataƙila ma yana tsaye kusa da shi da sanda."

Na so in ƙi don daga bakinsa ta fito, amma maganar ta shige ni. Na ce ya sa gwaggon Hushang da Nahid, amma ya dakata kada ya kunna inji sai na kira Hamburg.

Na kira ta daga cikin mota, hita tana hura mini ƙafa. Ta saurare ni har na gama, sannan na ji tana jan hanci.

"Yaya, ka yi yadda ka ga dama da kalmar, na gaji. Kai ka zauna da ita, kai ka ɗauke ta zuwa asibiti, ba ni da bakin magana. Amma kada ka sa sunana."

"Don me?"

"Sunan mai rai a kan kabari? Haba Yaya. Ba kyau. Ni ina da 'ya'ya."

Ba da mugunta ta faɗa ba, na san Nahid. Amma na ji sauran maganar da ba ta ƙarasa ba, cewa ni ba ni da su, don haka ko dutsen ya kira ni babu wanda aka yi wa asara. Na ce mata to. Ta ce in gaishe da maƙwabta, na ce za su ji. Na koma shagon na ce wa Peyman ya goge na biyun.

An shimfiɗa dutsen ana jibi arba'in. Da na je dubawa siminti bai gama bushewa ba. Aikin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin yaron ba, rubutun ya fita fari tas a kan baƙi. Sai dai da ya goge sunan Nahid wuri ya rage, shi kuma ba ya son fili a dutse, sai ya ƙara wa nawa girma. Ga Muluk Sohrabi 'yar Asadullah a sama da ranakunta, ga kalmar da na yi ta yaƙi a kanta 'yar ƙarama a tsakiya, ga Hushang a ƙasa, ɓaro-ɓaro, daidai da nata. Na kira shi ina huci, ya ce, "Kawu, ai daidaito ne, ido ya fi son haka." Dutse kuma in an sassaƙa an sassaƙa.

Ranar arba'in na yi oda ta alewar gari da dabino na mutum hamsin, don Gwaggo ta ɗinka wa rabin unguwarmu kayan aure. Waɗanda suka zo ba su cika mota biyu ba. Yawancin masu saninta sun riga ta, sauran gwiwa ta hana su, ga dusar ƙanƙara tana sauka tun safe. Matan suka tsaya suka karanta dutsen, suka kalli juna. Wani ɗan ƙanin kakanmu ya yi tari ya ce dutsen mai kyau ne, na ina ne. Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya ce na kyauta. Nahid ta kira, na juya mata wayar ta ga kabarin, ta yi kuka, sannan ta ce za ta je ɗauko yaro daga makaranta. Kafin a jima kowa ya tuna da abin da ya bari a kan wuta. Na bi kaburburan kusa ina miƙa wa baƙi alewa suna cewa Allah ya karɓa, duk da haka tire biyu suka rage.

Na koma na zauna a gefen dutsen ni kaɗai da jarkar ruwa da kwalbar ruwan wardi. Ina cikin share ƙanƙarar da hannu sai ga wani tsoho daga cikin masu yawo tsakanin kaburbura suna karatu a ba su sadaka, da 'yar kujerarsa ta ninkewa a hammata, ya naɗe kansa da mayafin ulu.

"Agha, a karanta musu?"

Na ce ya karanta. Ya buɗe kujerar ya zauna, ya goge tabaransa da ya yi hazo, ya sunkuya ya duba sunayen, ya fara. Muryarsa ta tsufa amma tana da daɗi, kuma bai yi sauri ba duk da sanyin. Na rufe ido. Da ya kai addu'a ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga.

"Ya Allah ka jiƙan baiwarka Muluk 'yar Asadullah, ka jiƙan bawanka Hushang. Ka haskaka kabarinsu, ka yalwata musu shi, ka ɗebe musu kewa a cikinsa."

Na buɗe ido. A sabon filin nan rabin kaburburan masu hawa biyu ne, ana binne mutum biyu a rami ɗaya, don haka suna biyu a dutse ɗaya ba abin mamaki ba ne, 'yar ƙaramar kalmar tsakiya kuma ƙanƙara ta sake rufe ta. Tsohon ya shafa fuska, ya girgiza kai yana kallon dutsen.

"Allah sarki. Uwa da ɗanta a wuri ɗaya. Ita dai ta huta, ba ta kwanta ita kaɗai ba."

Gyaran yana kan harshena, kalma biyu ce kawai. Na dubi sunanta, na jira in ji ko wani abu a cikina zai ce a'a a madadinta, kamar yadda ta ce wa Nahid. Ban ji komai ba sai iska. Na bar maganar ta zauna a kan dutsen yadda ya ajiye ta.

"Amin," na ce.

Ya ninke kujerarsa, na sa masa abin sadaka a hannu, na cika masa leda da alewa. Har ya juya sai ya tsaya.

"Kai fa, Agha, me kake a wurinsu?"

"Ni ne mai zuwa musu."

"Babu wani nasu?"

"Babu."

"To Allah ya ba ka lada, kada ka gaji. Irin waɗannan in mai zuwa ya daina, shi ke nan."

Ya tafi yana jan ƙafa, yana leƙa duwatsu yana neman wani mai zaman. Na buɗe jarkar na zuba ruwan a hankali daga sama, ya bi ta kan sunanta ya gangaro kan nawa, na sa tafin hannu na wanke su duka biyun kafin ya daskare.